Abin da Sitikar NFC Ta Iya da Abin da Ta Kasa, Daga Agege Zuwa Mile 12

Wata Juma'a cikin daminar bara, muna tsakiyar raka'a ta biyu a masallacin unguwarmu da ke Agege, wayata ta ɗauki ƙara a aljihun gaban rigata, kuma ba ta yi shiru ba sai da mai kiran ya gaji ya katse da kansa. Direban da ya ɗauko mana albasa daga Aliero ta jihar Kebbi ne, yana son ya sanar da ni cewa ya baro Ibadan. Bayan an sallame babu wanda ya ɗaga mini murya, sai wani dattijo da muke sahu ɗaya ya riƙo hannuna a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, a nan wurin takalma ake kashe ta, ba a cikin sahu ba." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, Allah ya huci zuciyarka." Maganar ta zauna mini a rai kwana da kwanaki, domin na san ladabin masallaci, na kuma san inda ake dannawa waya ta yi shiru, abin da na rasa shi ne wani abu da zai tuna mini a daidai lokacin da na sunkuya zan cire takalmi.

Ni nake riƙe wa kawuna littafin lissafi a kasuwar Mile 12, inda ya yi shekara da shekaru yana dillancin albasa. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san cewa rabin cinikin a waya ake yin sa: direba ya kira daga hanya, manomi ya kira daga gida yana tambayar yadda kasuwa ta tashi, masu gidajen abinci na Ikeja da Yaba su kira suna neman buhu biyu ko uku kafin azahar. Shi ya sa ɗan kasuwa yake jin tsoron kashe sautin wayarsa, kuma tsoron yana da dalili, domin sau da yawa mutum zai kashe saboda salla ya manta bai mayar ba, sai da la'asar ya duba ya tarar an yi ta kiransa, mai saye kuma ya riga ya ɗauki kaya a rumfar maƙwabci. Ga mantuwar kashewa, ga mantuwar kunnawa, kuma neman maganin su biyun ne ya kai ni ga sitikar NFC.

Wani ɗan'uwa mai gyaran waya a kasuwar Computer Village ta Ikeja ne ya fara nuna mini ita, ranar da na kai masa wayata ya sauya mata gilashi. Ya ɓare wani farin abu zagayayye wanda faɗinsa bai wuce murfin kwalbar lemo ba, kaurinsa kuma kamar na takarda, ya manna shi a gefen teburinsa na katako, ya ɗan latsa wayarsa, sannan ya kara bayanta a jikin abin, sai tocilar wayar ta kama. Da ya sake karawa sai ta mutu. Ya ɗaga wata sitikar a hasken fitila, na hango siririn zaren alminiyam ya yi da'ira cikin da'ira, a gefe guda kuma ga wata 'yar baƙar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar gero ba. Iyakar abin da ke cikinta ke nan. Ba ta da batir, ba a yi mata caji, ba ta kuma buƙatar data. Idan waya ta matso, eriyar da ke bayanta tana fitar da wani ƙarfin maganaɗisu a kan mita 13.56 na megahaz, zaren alminiyam ɗin ya kama shi ya mayar da shi 'yar wutar da ta isa ta farkar da ƙwayar, ita kuma ta miƙa wa wayar abin da aka ajiye a cikinta. Zangon wannan magana bai wuce kimanin santimita 4 ba, a aikace ma sai waya ta kusan taɓa sitikar, kuma daga nan sunan ya fito, domin haruffan NFC suna nufin sadarwa tsakanin abubuwa biyu da suke dab da juna.

Fasahar ta daɗe. Kamfanin Sony na Japan da Philips na Holan ne suka haɗa kai a kanta a 2002, a 2004 kuma su da Nokia suka kafa ƙungiyar NFC Forum mai tsara ƙa'idojinta. Wayar Android ta farko da ta zo da ita ita ce Nexus S a 2010, Samsung ma ya sayar da nasa sitikun da sunan TecTiles a 2012. Mu mazauna Legas mun riga mun saba da ita ko da ba mu san sunanta ba, domin irinta ce take aiki idan muka kara katin Cowry na biyan kuɗin sufuri a motar bas ta BRT ko a tashar jirgin ƙasa ta Agege, haka ma katin banki mai alamar igiyoyi a fuskarsa, wanda a watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sanya wa iyakar naira 15,000 a ciniki guda da naira 50,000 a rana. Bambancin shi ne waɗannan katunan masu su ne suka rubuta su suka kulle, ita kuwa sitikar tana zuwa ne kamar wankakken allo, ka rubuta, ka wanke, ka sake rubutawa. Kamfanin NXP, wanda ya fita daga jikin Philips kuma yake ƙera ƙwayoyin da aka fi samu a cikin sitikun, ya ce suna jure rubutu sau 100,000, suna kuma riƙe abin da aka rubuta har shekara 10.

Kafin mutum ya fitar da ko sisi, ya fara duba wayarsa. Yawancin 'yan'uwanmu a Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba wayoyin Tecno da Infinix da Itel suke riƙewa, kuma da yawa daga cikin masu sauƙin kuɗi ba su da NFC ko kaɗan, wani lokaci ma waya mai suna ɗaya za a fitar da ita kashi biyu, wani kashin da shi, wani babu. Hanyar ganewa ita ce a shiga wurin saitin waya a rubuta NFC a gurbin bincike. Idan bai fito ba, to babu manhajar da za a sauke ta sanya shi, domin eriya ce da ake sakawa a jikin wayar tun daga masana'anta. A rumfarmu, cikin mutum shida da muke aiki tare, wayoyi biyu ne kawai suka amsa, tawa da ta wani yaron Kawu.

Na sayi sitiku goma masu ƙwayar NTAG213, wadda take ɗaukar bayit 144 kacal. Akwai yayyenta biyu, NTAG215 mai bayit 504 da NTAG216 mai bayit 888. Bayit ɗaya kusan harafi ɗaya ne, amma na lura da wani abu da ya shafe mu mu kaɗai: haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, kowane ɗaya bayit biyu yake ci, don haka jimlar Hausa da aka rubuta bisa ƙa'ida ta fi saurin cika sitika a kan yadda ido yake gani. Da farko ƙanƙantar wurin ta sage mini gwiwa, har na yi niyyar komawa in sayo babbar, sai daga baya na fahimci cewa yawancin aikin da nake so ba a cikin sitikar yake zaune ba.

Wannan shi ne abin da na fi son mai karatu ya gane, domin rashin gane shi ne yake sa mutane su sayi sitika su ce an yaudare su. Hanya biyu ake amfani da ita. Ta farko, a rubuta wani abu a cikinta, kamar adireshin shafin intanet, ko lambar waya, ko wurin da shago yake a taswira, ta yadda kowace waya mai NFC da ta taɓa ta za ta nuna wa mai ita abin. Manhajoji irin su NFC Tools da TagWriter su ne suke yin wannan rubutun, kuma bai fi minti ɗaya ba. Hanya ta biyu kuwa, sitikar ba ta ba da umarni, shaida kawai take bayarwa. Kowace ƙwaya tana da lambar da aka yi ta da ita, mai bayit 7, wadda ba ta sauyawa. Kai ne za ka koya wa wayarka cewa duk sanda ta ga wannan lambar ta yi kaza da kaza. A Android ana yin haka da MacroDroid ko Tasker, a iPhone kuma da manhajar Shortcuts tun daga iOS 13 na 2019, matuƙar wayar XS ce ko XR ko wadda ta biyo bayansu. Hankalin duka a cikin wayar yake, ita sitikar matsayinta kamar na dutsen da manomi yake ajiyewa a kan iyakar gona.

Ladanin masallacinmu ne ya sa na fahimci nauyin wannan bambanci. Da ya ga na kara wayata a jikin maɗaurin makullina ina cire takalmi, ya tambaye ni abin da nake yi, na yi masa bayani, sai fuskarsa ta washe ya ce, "To ɗana, ka manna mana guda a ƙofa mana, duk wanda zai shigo ya taɓa, mu huta da kiɗe-kiɗen nan a cikin sahu." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, da zai yiwu da tun yau na manna, amma ba za ta kashe wayar kowa ba sai wadda mai ita ya riga ya koya wa." Na ga bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba, domin buƙatarsa ta gaskiya ce kuma shi ne yake fama da tunatar da jama'a kafin kowace tayar da salla. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga alherin da ke cikin wannan gazawar. Da a ce takardar da aka liƙa a bango za ta iya sarrafa wayar baƙo ba da saninsa ba, da ɓarayin waya da 'yan damfara sun riga ladani amfani da ita, a jikin kujerun motocin haya na danfo da ƙofofin banki. Abin da za a iya yi a masallaci shi ne a manna guda a bakin ƙofa, duk mai sha'awa ya saita wayarsa a kan wannan lambar sau ɗaya, domin sitika guda tana iya yi wa wayoyi da yawa aiki, kowace da nata umarnin.

Ga yadda na tsara tawa. Na sami mai kama da kwabo ta roba, na rataya a maɗaurin makulli, domin makullin yana hannuna duk inda zan shiga salla, ko a Agege ko a kasuwa. Idan na taɓa, wayar ta kashe duk wani sauti, ta jira minti 25, sannan ta mayar da shi da kanta. Wannan mayarwar ita ce ta warkar mini da tsoron da na ambata, kuma ita ce ta sa na daina jinkirin kashewa. Ranar Juma'a nakan taɓa wata daban da na manna a cikin murfin ƙaramin littafin addu'o'ina, wadda na ba awa ɗaya da rabi saboda huɗuba. Sai da na ba manhajar izinin sarrafa sautin waya kafin ta yarda ta yi aiki, kuma dole allon wayar ya kasance a buɗe, domin Android ba ya karanta sitika idan waya tana kulle. MacroDroid na kyauta ayyuka biyar ya bar ni in tsara, sun kuma ishe ni.

Akwai abin da na so ban samu ba. Na manna guda a gefen gado da nufin ta riƙa kashe mini data da dare, saboda kuɗin data ya zama abin da ake lissafawa a gida kamar kuɗin gas. Sai na tarar Android ba ya barin manhajoji su taɓa data kai tsaye ba tare da wasu dabaru masu wahala ba, tun daga Android 10 na 2019 ma ya hana su kunna ko kashe Wi-Fi da kansu. Iyakar abin da na samu shi ne ta buɗe mini shafin saitin in danna da hannuna, sannan ta saita ƙararrawar asuba ta rage hasken allo. Na bar ta a haka.

A rumfa kuwa hanya ta farko na bi, tunda wayoyin baƙi nake nufi. Na rubuta mahaɗin da yake buɗe hira da lambar kasuwancinmu a WhatsApp, na manna a jikin teburin katako, don mai saye ya taɓa kawai ya same mu ba sai an yi ta karanto lamba cikin hayaniyar 'yan dako da ƙugin tireloli ba. Na yi wata mai nuna ƙofar kasuwar da ta fi kusa da mu a Google Maps. Mahaɗi ya fi rubutu zalla amfani a nan, domin iPhone ba ya nuna rubutu zalla da kansa idan an taɓa, wayoyin Android ma kowace da yadda take yi da shi.

Daga nan ne na kawo shawarar mu sa lambar asusun banki, tunda kusan kowa taransifa yake yi yanzu. Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Idan kai ka iya rubutawa da wayarka, me zai hana wani ya zo da tasa ya goge ya sa lambarsa?" Na ce, "Ana kulle ta, Kawu." Ya ce, "Idan ya liƙa tasa a kan taka fa, tunda duk farare ne?" Ban sami amsa ba, domin gaskiya ya faɗa. Sitikar da ba a kulle ba, duk mai waya zai iya sauya abin da ke cikinta cikin daƙiƙoƙi. Ana iya sa mata kalmar sirri, ana kuma iya kulle ta kullewar har abada, wadda idan an yi ko mai ita ba zai sake gyara ko harafi ɗaya ba, don haka sai an tabbatar da rubutun kafin a danna. Amma babu kullen da yake hana a ɓare ta a sauya, ko a rufe ta da wata, kuma abin da ke cikinta ido ba ya ganin sa, ba kamar lambar da aka rubuta da fenti a allo ba, wadda idan aka taɓa ko yaron shago zai lura. Mutumin da ya sha ganin alat na bogi a kasuwa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Lambar asusunmu tana nan a allonta na katako da jan fenti, ta WhatsApp ɗin kuma na kulle ta, nakan kuma taɓa ta da wayata kowace safiya in ga ko tana nan yadda na bar ta. A kan wannan dalilin nake roƙon kowa kada ya ajiye lambar sirrin katinsa, ko BVN, ko NIN a cikin sitika, kada kuma ya buɗe mahaɗin da ya fito daga sitikar da ya tarar a bango bai san wanda ya manna ba.

Uku daga cikin goman sun salwanta ne saboda yanayin wurin. Ta farko na manna ta a jikin ƙofar ƙarfe ta ɗakin ajiya, ta ƙi amsawa sam, har na zaci matacciya aka sayar mini; ashe ƙarfe ne yake shanye ƙarfin maganaɗisun kafin ya kai ga ƙwayar. Akwai waɗanda aka yi musamman don ƙarfe, masu wani baƙin shimfiɗi a baya, sun ɗan fi kauri da tsada, kuma a garin da shaguna da yawa kwantena ne ko rumfar kwano, su ya kamata mutum ya nema tun farko. Sauran biyun na takarda ne, laimar Legas da ruwan Yuni suka ɓare su cikin 'yan makonni. Sai kuma al'adarmu ta cusa katin banki a cikin rigar waya: wayar takan rikice tsakanin katin da sitikar, ta ƙi karanta ko ɗaya yadda ya kamata. Haka rigar waya mai zoben ƙarfe a baya. Yana da kyau mutum ya gano inda eriyar wayarsa take, domin a iPhone can sama take kusa da kyamara, a yawancin Android kuma tsakanin kyamara da tsakiyar baya.

Wadda ta fi shiga raina ba ta kasuwa ba ce. Mahaifiyarmu tana zaune tare da mu, tana shan maganin hawan jini kowace safiya, ni kuwa nakan fita tun kafin gari ya waye don in riga cunkoson Ojota da Ketu. A da sai in yi ta kira daga kasuwa ina tambayar ko ta sha, wata rana a ce an ba ta, wata rana a ce ana zaton an ba ta, kuma a maganin hawan jini zato ba ya wadatarwa, domin tsallakewa illa ce, maimaitawa ma illa ce. Na manna sitika a murfin robar da ake ajiye maganin, na saita wayar ƙanwata ta yadda idan ta taɓa, saƙon tes zai zo mini da lokacin da aka taɓa. Saƙon tes na zaɓa don ba ya jiran data. Na san taɓa murfi ba shi ne haɗiye magani ba, kuma na gaya wa ƙanwata cewa sai ta ga Hajiya ta sha da idonta sannan ta taɓa. Ranar farko Hajiya ta kalli abin ta ce, "Yanzu har kwalbar magani ma sai ta kai maka rahoto?" Na ce, "Don hankalina ya kwanta ne, Hajiya." Ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Tun daga lokacin, idan bakwai da rabi ta wuce saƙon bai shigo ba, nakan ajiye biro in kira gida, kuma sau biyu ke nan kiran yana tarar da cewa hidimar shirya yara makaranta ta ɗauke hankalin kowa.

Sitiku biyu suka rage mini a cikin ambulan. Ɗaya na yi wa Malam ladan alkawarinta, muna jiran ɗansa ya kawo masa wayar da ya ce zai sauya masa, na kuma roƙe shi ya sa a duba saitinta a gaban mai shago kafin a biya kuɗi. Ɗayar kuma yaron Kawu ya nema, yana so ya manna a cikin murfin littafin da muke rubuta shigowar motoci, don duk sanda tirela ta iso da tsakar dare ya taɓa, wayarsa ta rubuta lokacin ta kuma aika wa Kawu saƙo, ba sai ya tashe shi daga barci da kira ba.